Tafiyar Ƙasa Mai Nisa: Ciwon da Ake Lallaɓawa da Wanda Ake Tsayawa Dominsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota da na acaɓa suka yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa a Gozaki da sauran garuruwan Kafur sun koma taka sayyadarsu. Mai zuwa cin kasuwa yana takawa, ɗan ƙwadago mai bin gonakin masara da waken suya lokacin kaka yana takawa, haka mai zuwa aikin tumatir da rake a fadamun Danja. Makiyayi kuwa dama bai taɓa dainawa ba. Akwai kuma waɗanda tafiyar ta zame wa dole, waɗanda rashin tsaro ya tasa daga gidajensu da tsakar dare, da goyo a baya da ƙunshi a ka.

Tafiyar ƙasa ba baƙuwa ba ce a nan. Gozaki tsohon gari ne a tarihin Katsina ta kudu, ƙasar auduga tun kafin jirgin ƙasa ya ratso Funtuwa. Kakanninmu fatake sun yi ta kai kaya Gwanja suna sayo goro a Salaga, tafiyar watanni da jakuna, ƙarƙashin madugu. Alhazan dā sun bi ta Barno da Chadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a ƙafa, wasu sai sun shekara da shekaru suna yada zango suna noma don neman guzuri. Wasu ma ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma da ƙafa suka je. Mutanen nan ba su fi mu ƙarfi ba. Tsari suka fi mu: a yi sammako, a sauka zango kafin rana ta take, a huta, a duba ƙafafun mutane da na dabbobi, kuma ayari ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsa.

A watan Afrilun 2015 wani matashi ɗan asalin jihar Katsina, Suleiman Hashimu, ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar zaɓen Muhammadu Buhari, sama da kilomita 700 cikin ƙasa da mako uku. Daga nan tattaki ya zama yayi, kowane ɗan siyasa ya ci zaɓe sai ka ji wani ya saɓa jaka ya kama hanya. Hotunan isowa ake nuna mana, ba a nuna tafin ƙafar mai tafiyar. Alhali a nan labarin yake. Ba kasafai babban haɗari ke katse doguwar tafiya ba. Ƙaramin ciwo ne da aka raina, aka ce ai namiji ba ya raki, har ya girma ya zaunar da mutum. Abin da ya kamata matafiyi ya iya shi ne bambance ciwon da za a ɗaure a ci gaba da lallaɓawa, da wanda idan ya zo tafiya ta ƙare ke nan sai asibiti.

A fara da lissafi. Baligi mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda a hanya mai kyau, ba kaya mai nauyi. Kowace kilomita tana cin taku wajen 1,300. Wanda ya yi kilomita 30 a yini ya buga ƙafa da ƙasa kusan sau 40,000. To, ɗan ɗinkin da ya turo a cikin takalmi, ko tsakuwa guda da ta maƙale a safa, sau dubbai za ta goge wuri ɗaya kafin la'asar.

Ta haka bororo ke samuwa. Fatar sama tana manne da takalmi, ƙashi yana motsi a ƙarƙashi, sai tsakanin fatar ya rabu, ruwa ya taru a gurbin. Gumi da zafi suna hanzarta abin, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin saɓulewa. Amma bororo ba ya zuwa ba sallama. Kafin ya tashi za ka ji wani wuri a dunduniya ko ƙarƙashin babban yatsa yana ɗan zafi-zafi, in ka duba ka ga ya yi ja. Nan ne wurin tsayawa, ko da abokan tafiya suna cewa a bari sai an kai gari na gaba. Zauna, cire takalmi, kakkaɓe shi, share ƙafar ta bushe, ka manna filasta a wurin ba tare da ta tattare ba. Wani bincike da likitocin jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2016, a kan masu gudun kilomita 250 a hamada, ya nuna cewa filastar takarda mai arha, irin wadda ake manna auduga da ita a asibiti, ta rage fitowar bororo da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ana samunta a kemis, kuma ba ta da nauyi a aljihu.

In ya riga ya tashi, ƙarami ne kuma ba ya hana taku, ƙyale shi, ka rufe. In babba ne, ya cika tam, yana hana ka taka ƙasa, gara ka zubar da ruwan da kanka da ya fashe cikin ƙura. Wanke hannu da wurin da sabulu. Ɗauki sabuwar allura, ko wadda aka ƙona bakinta a wuta ta huce. Huda a gefe, ta ƙasa-ƙasa, wuri ɗaya ko biyu, ka danna a hankali da tsumma mai tsabta har ya lafe. Fatar da ta rage a sama kada ka yage ta, duk da hannu zai yi ta ƙaiƙayin yin haka, domin ita ce murfin da ya fi kowace filasta. Shafa maganin ciwo, rufe, ka duba da dare. Bororon da ya tara jini, ko wanda ruwansa ya koma mugunya, ba na hudawa a bakin hanya ba ne.

Maganar takalmi gajeriya ce: kada a fara doguwar tafiya da sabo. Wanda ƙafa ta saba da shi, ko ya tsufa, ya fi. Ƙafa tana kumbura da yamma, saboda haka takalmin da ya kama ka cif da safe zai matse ka bayan azahar, yatsu su yi ta dukan gabansa har farce ya mutu ya yi baƙi. Silifas yana yanka tsakanin yatsu, kuma ba ya tare ƙaya. Takalmin roba irin na makiyaya yana jure ruwa da taɓo, amma yana tara gumi, sai an haɗa shi da safa. Safa biyu ake riƙewa, ɗaya a ƙafa, ɗaya a rataye a jaka tana shan iska, a riƙa musanyawa a kowane hutu. Mai faso ya fara jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi yana goge kaushi, yana shafa man kaɗanya ko basilin, tun mako guda ko biyu kafin tafiya, musamman da hunturu, lokacin da dunduniya ke tsagewa har ta yi jini. Kanta mai kauri ba kariya ba ce kamar yadda ake zato, bororo kan tashi a ƙarƙashinta, kuma irinsa ya fi wuyar magani. Gugar cinya da ta hammata ma basilin ɗin ne maganinsu, a shafa tun kafin fata ta saɓe.

Sai ƙaya da sartse. Wanda ya ratsa gonakinmu bayan an yi girbi ya san yadda tushen karan dawa da na masara ke tsayawa da kaifi, ga itacen auduga da aka sare, ga ƙayar bagaruwa da ta aduwa a burtali. Ciwon huji ƙaramin baki gare shi, amma yana da zurfi, kuma irin wurin da ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ke so ke nan, wadda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus. Tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ba sai tsatsar ƙusa ba. A cire ƙayar gaba ɗaya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a rufe. Abin da ba a yi shi ne cusa ƙasa, ko toka, ko garin batir, ko man birki, balle kashin shanu. Duk wanda ba a yi wa allurar rigakafin tetanus ba, ko ya fi shekara 5 rabonsa da ita kuma ciwon mai zurfi ne da datti, ya tsaya a asibitin farko da ya tarar. Cutar kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta bayyana, lokacin an manta da ƙayar, sai a ga muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa.

Kowane ciwo ne, akwai alamun da ke cewa ya ɓaci: ja yana faɗaɗa, wurin ya yi zafi ya kumbura, mugunya, jan layi yana hawa ƙafa, kaluluwa ta fito a matsematsi, ga zazzaɓi. In an kai nan, sauran tafiyar a mota za a yi ta, kuma asibiti ta nufa.

Targaɗe shi ne inda aka fi yin kuskure. Ƙafa ta gurɗe a kunya ko a kan dutse, idon sawu ya kumbura, sai wani a cikin ayari ya ce, "Kawo ƙafar, yaya, in ja maka ita." Kada a ja. Ba wanda ya san ko jijiya ce ta miƙe ko ƙashi ne ya tsage, kuma ja da murza suna ƙara ɓarna a duka biyun. Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin birnin Ottawa na Kanada suka tsara a 1992, ana amfani da shi a asibitocin duniya don sanin wanda ke bukatar hoton ƙashi. Na farko, mutum zai iya yin taku huɗu, ko da ɗingishi? Na biyu, a danna ƙashin idon sawu da yatsa, na ciki da na waje, ta gefen baya, daga ƙarshensa zuwa sama kamar faɗin yatsu huɗu. A danna kuma ƙashin da ya ɗan turo a gefen ƙafa ta ɓangaren ƙaramin yatsa, da takwaransa na ɓangaren ciki. In ya kasa taku huɗu, ko ya zabura da aka taɓa ƙashin kansa, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba ce. In ya iya takawa, kuma zafin a nama yake, mai yiwuwa targaɗe ne. A sa ƙafar a ruwan sanyi minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ko yankin rawani daga yatsu zuwa ƙwauri, a ɗaga ta bisa jaka. Gashi da ruwan zafi a bar shi sai bayan kwana biyu. Ƙaramin targaɗe ana iya lallaɓawa da sanda zuwa gari mafi kusa, bayan an raba wa abokan tafiya kayan.

In karaya ce, aikin abokan tafiya shi ne hana wurin motsi kawai. A samu kara mai ƙwari ko sanda biyu, a naɗe su da tsumma, a ɗaure sama da ƙasan karayar. Sannan a riƙa duba yatsu. Danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ka saki: jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ya yi jinkiri, ko yatsun sun yi sanyi, sun canza launi, ko mai ciwon ya ce ba ya jin su, ɗaurin ya yi tsauri, a sassauta nan take. A nan ne nake da magana da masu ɗorin gargajiya. Akwai gwanaye a cikinsu, kuma jama'a sun yarda da su. Amma likitocin ƙashi a Dala ta Kano da Shika ta Zariya sun daɗe suna kokawa kan hannuwa da ƙafafuwan da ake kawo musu sun riga sun ruɓe, saboda an ɗaure karan ɗori tamau a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura, jini ya kasa wucewa. Da yawansu yara ne, kuma yankewa ake yi. Zafin da ke ƙaruwa bayan ɗori, maimakon ya ragu, ba alamar ƙashi na kamawa ba ce. Karayar da ƙashi ya fasa fata kuwa ba ta maɗori ba ce ko kaɗan.

Akwai wata tsagewar ƙashi da ba faɗuwa ke kawo ta ba, yawan taku ne. Wani likitan soja a ƙasar Jamus ta yau ya bayyana ta tun 1855 a ƙafafun kuratan da aka sa doguwar tafiya. Tana kama ƙasusuwan bayan ƙafa ko ƙwauri, kuma ta fi samun wanda bai saba ba ya tashi rana ɗaya ya ce zai taka daga Funtuwa zuwa Zariya, sama da kilomita 70. Bambancinta da gajiya a fili yake. Ciwon gajiya ya bazu a nama, da safe ya fi tsanani, in jiki ya yi ɗumi sai ya saki. Wannan kuwa wuri ɗaya ne da za ka iya nunawa da yatsa, a kan ƙashi, kuma kowane taku ƙara shi yake yi. Na farkon ana tafiya da shi. Na biyun hutun makonni yake so.

Wannan ya kawo mu ga ƙwayoyi. Ɗan ƙwadago ya saba haɗiyar "haɗi" daga hannun mai tallan magani kafin ya fita, wasu har da tramadol. Ciwo ɗan saƙo ne, in ka toshe masa baki, ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne ka daina jin labarinta. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac kuma, in aka sha su cikin ƙishirwa da zafin rana, suna iya taɓa ƙoda, suna kuma tayar da gyambon ciki. Farasitamol ya fi sauƙin haɗari, muddin baligi bai wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas masu lamba 500, a rarrabe.

Rana ita ma rauni take yi, ko da ba a ganin jini. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, mai tafiya cikin rana yana iya zubar da gumi lita guda a awa. Fitsari ne ma'auni: in ya yi kaɗan, ya yi duhu, ruwa ya yi ƙasa a jiki. Ana sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma ana haɗawa da abinci mai gishiri, domin ruwa zalla da yawa ba ci shi ma yana kayar da mutum. Ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da fura sun isa guzuri. In jiri ya fara, ko nama yana ɗaurewa, ko gudawa ta kama mutum a hanya, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya gaji da rana amma yana cikin hankalinsa, inuwa da wannan ruwan sun ishe shi. Wanda ya fara sambatu, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, rayuwarsa ce a kan layi. A kwantar da shi a inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a nemi abin hawa. Ba a ɗura wa sumamme ruwa a baki. Mai azumi kuma ya tuna shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, ya tambayi malaminsa kafin ya kama hanya.

Ruwan kududdufi a guje shi in da hali. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Najeriya a 2013, amma tsargiya tana nan, kuma ta fata take shiga lokacin da mutum ya tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance don ya huce gajiya.

Maciji na da nasa babin a wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1970 masu binciken cututtuka da suka zauna a Malumfashi sun yi nazari na musamman a kan kumurci mai tofi, saboda yawan karon da mutanen yankin ke yi da shi. Saransa yana ruɓar da nama, tofinsa kuma yana iya lalata ido. In ya tofa wa mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a yi ta kwararawa, kada a murza. Akwai kuma kasa, mai kwanciya a hanya ba ta gudu, da kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, har mutum ya ga dasashinsa na zubar da jini bayan awoyi yana zaton ya tsira. Kububuwa ce ta sa aka san asibitin Kaltungo na jihar Gombe a faɗin ƙasar nan. Duk macijin da ya sari mutum a cikinsu, abin yi ɗaya ne. A janye daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da kara kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi. Kada ya taka da kansa in akwai mai ɗauka, domin motsi ne ke yaɗa dafi. Ba a ɗaure sama da ciwon tamau da igiya, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, kuma baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. Awoyin da ake ɓatawa a kan waɗannan su ne ake nema daga baya a rasa. Allurar kashe dafi ce magani, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba, saboda haka a buga waya a tambaya tun ana hanya, a nufi babban asibiti kamar na Malumfashi ko na Funtuwa. Cizon kare a bakin ruga kuma, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15 cur, sannan a je a karɓi allurar haukan kare ko da ciwon ƙarami ne.

Wasu mutane ƙa'idarsu daban ce. Mai ciwon suga na iya taka ƙusa ya yi yini bai ji ba, saboda jijiyoyin ƙafarsa sun dushe. Shi da ido zai duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu a kowane zango, kuma ko bororo ne kada ya huda da kansa. Mai sikila, ƙishirwa da gajiya suna tayar masa da ciwo. Mai juna biyu, da tsoho, da yaro, su ne ma'aunin saurin ayari. Kaya kuma kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka in tafiyar ta yini ce, ko a baya ko a kan gammo.

Abu guda a tsarin fatake da zamani ya taɓa shi ne sammako. Dā tafiyar asuba da ta farin wata su ne maganin rana. Yau a sassan Katsina ta kudu da ke fama da 'yan bindiga, fita cikin duhu na iya jefa mutum hannunsu, ko hannun 'yan sintirin da ba su san shi ba. A tashi in gari ya fara wayewa, a sauka wajen ƙarfe 11, a sake ɗagawa bayan la'asar, a shiga gari kafin magariba. A tambayi mutanen kowane gari labarin hanyar da ke gaba, baƙo ya kai kansa wurin mai unguwa kafin ya nemi makwanci, kuma a bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da ranar da ake sa ran isa. Waya ta kasance da caji da kati, a kuma ware kuɗin mota a aljihu daban, waɗanda ba za a taɓa ba sai ranar da ƙafa ta ƙi.